Daga ina ƙungiyoyin ƙwallon Amurka suka samo sunayensu?

Ɗan_Fagge82:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na jima ina bin wasannin gasar NFL, wato babbar gasar ƙwallon Amurka irin wanda ake runguma a hannu a ruga da shi, jefi-jefi, kuma akwai abin da ke tsaya mini a rai game da sunayen ƙungiyoyi 32 da ke cikinta. A ƙwallon ƙafar Turai yawanci sunan gari ake ji, sai a liƙa masa United ko City, amma a Amurka kowace ƙungiya da laƙabinta: Lions, Bears, Eagles, Panthers, Jaguars, Bengals. A ganina attajiran da suka mallaki ƙungiyoyin ne kawai suke zaɓar wata dabba mai ban tsoro domin a zana ta a jikin riga a sayar, babu wani tarihi a bayan sunayen. Wanda yake da masaniyar da ta saɓa wa wannan ya ƙara mana ilimi, musamman 'yan'uwanmu mazauna can.

Malam_Na_Wisconsin:
Wa alaikumus salam. Malam Ɗan Fagge, maganarka za ta iya hawa kan wasu ƙungiyoyin baya-bayan nan, amma ba ta hau kan tsofaffin ba. A jihar da nake zaune, ƙungiyar da kowa yake so ita ce Green Bay Packers, kuma sunanta ba shi da alaƙa da dabba ko ban tsoro. A shekarar 1919 wani matashi mai suna Curly Lambeau yana aiki a kamfanin Indian Packing Company, wanda ke sarrafa nama yana zubawa a gwangwani. Da shi da wani ɗan jarida, George Calhoun, suka haɗa ƙungiya, sai Lambeau ya roƙi kamfanin kuɗin riguna da kayan wasa, aka ba shi dala 500 tare da izinin yin atisaye a filin kamfanin. Daga nan aka riƙa kiransu da sunan sana'ar ma'aikatan wurin, wato masu cika gwangwani. Kamfanin ya daɗe da shuɗewa, amma sunan ya haura shekara ɗari yana nan.

Abin da ya fi burge ni shi ne garin Green Bay bai kai mutum 110,000 ba, kuma ƙungiyar ba ta da attajiri guda da ya mallake ta. Fiye da mutum 500,000 ne suke riƙe da hannun jarinta, ba sa karɓar riba ko ta sisi, sai dai alfaharin rataye takardar shaida a bangon ɗaki. Maƙwabcina dattijo ne, kuma tasa takardar tana rataye kusa da hoton aurensa.

Ummu_Sadiq:
Ko sunayen dabbobin ma, ɗan'uwa, ba kara-zube aka ɗauko su ba. Chicago Bears ta fara ne a garin Decatur na jihar Illinois da sunan Staleys, domin ƙungiyar ma'aikatan kamfanin sitaci ce na A. E. Staley. George Halas ya kai ta Chicago a 1921, inda take wasa a filin ƙungiyar besbol mai suna Cubs, sunan da ake kiran 'ya'yan dabbar nan beyar. A 1922 Halas ya ce tunda 'yan ƙwallonsa sun fi 'yan besbol girman jiki, idan waɗancan 'ya'ya ne, to nasa su ne iyayen. Daga nan Bears ta fito.

Bakatsinen_Detroit:
Hajiya Ummu Sadiq ta taɓo jijiyar maganar. Wanda bai san matsayin wasan besbol a Amurka ta wancan zamani ba, ba zai fahimci rabin sunayen nan ba. A shekarun 1920 da 1930 besbol ne sarkin wasanni, ƙwallon jami'o'i yana biye, shi kuwa ƙwallon da ake biyan 'yan wasa albashi ana yi masa kallon abin da bai da daraja. Sababbin ƙungiyoyin ba su da filaye na kansu, hayar filayen besbol suke yi, don haka suka riƙa aron sunayen masu filayen ko wani suna da ya yi kusa da su, ko magoya bayan waɗancan za su leƙo. Tim Mara ya kafa New York Giants a 1925 da sunan ƙungiyar besbol ta birnin sak, a filinta na Polo Grounds. A Pittsburgh Art Rooney ya fara da Pirates a 1933, a Boston kuma George Preston Marshall ya fara da Braves a 1932, duka aro ne. A nan Detroit, da mai gidan rediyo George Richards ya sayi Portsmouth Spartans ya kawo ta a 1934, ya tarar da ƙungiyar besbol mai suna Tigers, sai ya ɗauki zaki domin ya yi daidai da damisar garin.

Ɗan_Fagge82:
Na gode ƙwarai, Malam Bakatsine, amma ai bayaninka ƙarfafa maganata ya yi. Idan mutum ya ari sunan maƙwabcinsa domin ya jawo masu sayen tikiti, wannan dabarar kasuwa ce. Abin da nake nufi da tarihi shi ne suna ya faɗi wani abu game da mutanen garin kansu, kamar yadda na Green Bay ya yi.

Injiniya_Ajaokuta:
To, ga misalin da kake nema. Ita waccan Pirates ta Pittsburgh ta yi shekara bakwai ba ta taɓuka abin kirki ba, sai a 1940 Rooney ya nemi jama'a su kawo sabon suna, aka tsaya a kan Steelers, saboda a lokacin Pittsburgh ita ce cibiyar narka ƙarfe da mulmula shi a Amurka. Ni da na yi aiki a wannan fanni, tambarin ƙungiyar ya fi ɗaukar hankalina, domin asalinsa tambarin masana'antar ƙarfe ne da ƙungiyar ta karɓa a 1962. Taurari uku ne a cikinsa: ruwan ɗorawa yana nufin kwal, jan yana nufin tama, shuɗin kuma yana nufin tsofaffin ƙarafa da ake sake narkawa. Har yau a gefe ɗaya kawai na hular kwanon 'yan wasan ake manna shi. Yawancin masana'antun birnin sun rufe a shekarun 1980, dubban iyalai suka watsu cikin ƙasar neman abinci, suka tafi da soyayyar ƙungiyar, shi ya sa ake ganin magoya bayanta a kusan kowane fili.

Gaggafar Philadelphia ma ba don ban tsoro aka zaɓe ta ba. An kafa Eagles a 1933, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, Shugaba Franklin Roosevelt ya fito da shirin farfaɗo da masana'antu wanda alamarsa shuɗiyar gaggafa ce da 'yan kasuwa ke mannawa a tagogin shagunansu. Bert Bell da abokinsa Lud Wray daga wannan alama suka ɗauko sunan. Kotun ƙoli ta rushe shirin a 1935, ƙungiyar kuwa tana nan. A 1943, da yaƙin duniya na biyu ya kwashe 'yan wasa zuwa soja, Steelers da Eagles sun haɗe na kaka guda, jama'a suka riƙa kiransu Steagles.

Aunty_Bauchi:
Wannan zance na ƙungiyoyin kamfanoni ya tuna mini da namu na da, irin su Leventis United da Julius Berger da BCC Lions ta kamfanin simintin Gboko. Bambancin da nake gani shi ne namu sukan mutu ko su dusashe idan kamfanin ya janye hannu, nasu kuwa jama'ar gari ne suka karɓi sunan suka riƙe. Waɗanda suka ɗore a wurinmu su ne masu sunan da ya shafi ƙasa da tarihinta, kamar Wikki Tourists da El-Kanemi Warriors.

Sani_Kididdiga:
Ina da tambaya a kan Cleveland Browns. Na taɓa jin cewa an sa mata sunan ne don girmama ɗan damben nan baƙar fata Joe Louis, wanda ake yi wa laƙabi da Brown Bomber. Shin haka ne?

Ummu_Sadiq:
Malam Sani, wannan labari ya yaɗu sosai, amma sunan na Paul Brown ne, kocin ƙungiyar na farko. Kafin a kafa ta ya riga ya yi suna a jihar Ohio, a makarantar sakandaren Massillon da kuma jami'ar Ohio State, wadda ya ci wa kambun ƙasa a 1942. Da Arthur McBride ya kafa ƙungiyar da ta fara wasa a 1946, jama'a suka nemi a kira ta da sunan kocin, shi kuwa bai so ba saboda yana ganin hakan kamar nuna kai ne. An so a yi amfani da Panthers, sai wani ɗan kasuwa ya fito ya ce shi ke da haƙƙin wannan suna daga wata tsohuwar ƙungiyar garin, aka koma kan Browns. Labarin Joe Louis ya taimaka wa kocin wajen kawar da hankalin mutane daga kansa.

Abin da ya biyo baya yana da ban tausayi. Sabon mai ƙungiyar, Art Modell, ya sallami Paul Brown a farkon 1963, mutumin ya bar sunansa a jikin ƙungiyar da ta kore shi. Ya je Cincinnati ya kafa Bengals da ta fara wasa a 1968, ya farfaɗo da sunan wata tsohuwar ƙungiyar birnin ta ƙarshen shekarun 1930, ya kuma zaɓi hular kwano mai ruwan lemo irin ta Cleveland. Don haka Bengals ɗin da Malam Ɗan Fagge ya lissafa ma tana da nata asali.

Hajiya_Baltimore:
Tunda an ambaci Modell, bari in kawo abin da nake ganin shi ne ainihin tambayar: sunan ƙungiya na waye, na mai kuɗi ko na mutanen gari? Mu a Baltimore mun ga fuskokin abin guda biyu. Ƙungiyar birnin ta da ita ce Colts, wato duƙushin doki, domin jihar Maryland ta shahara da kiwon dawaki da sukuwa, kuma a jihar ake gasar sukuwar Preakness kowace shekara. A cikin wani dare na watan Maris 1984, mai ƙungiyar Robert Irsay ya sa manyan motoci suka kwashe kayanta zuwa Indianapolis, gari ya waye babu ƙungiya, babu suna, babu tambarin kofaton doki. Indianapolis kuwa da tseren motoci aka san ta. Dattawan da nake aiki da su har yau ba sa kiran waccan ƙungiya da sunanta, sai su ce ta Indianapolis. Ƙungiyar 'yan badujalarta ma ta ƙi watsewa, ta ci gaba da kiɗa a bukukuwa na tsawon shekarun da birnin ya yi babu ƙwallo.

Da Modell ya kawo 'yan wasan Cleveland nan a 1996, mutanen can suka tayar da ƙayar baya har zuwa kotu, aka yi sulhu a kan ya tafi da 'yan wasa da ma'aikata, amma suna da launuka da tarihin Browns su zauna a Cleveland, inda aka sake kafa ƙungiyar a 1999. Mu kuma aka yi ƙuri'a ta hannun jaridar Baltimore Sun, jama'a suka zaɓi Ravens, wani nau'in hankaka baƙi ƙirin, saboda shahararriyar waƙar marubuci Edgar Allan Poe a kan wannan tsuntsu. Poe a Baltimore ya rasu a 1849, kuma a nan kabarinsa yake. A ganina tsarin Cleveland shi ne adalci, kuma da shi ya kamata a riƙa aiki duk lokacin da ƙungiya za ta tashi.

Lauya_Mai_Nazari:
Hajiya, na fahimci raɗaɗin, amma a doka suna alamar kasuwanci ce mai rajista, kuma wanda ya sayi ƙungiya ya saye ta da alamarta. Sulhun Cleveland yarjejeniya ce ta musamman da aka cimma saboda shari'ar hayar fili da matsin lambar jama'a, bai zama ƙa'idar gasar ba. Dubi Rams: a Cleveland aka kafa ta a 1936, aka ɗauko sunan ragon daga ƙungiyar jami'ar Fordham da ke New York, ta koma Los Angeles a 1946, ta tafi St. Louis a 1995, ta dawo Los Angeles a 2016. Wane gari ne zai ce ragon nasa ne? Haka Raiders, wadda aka fara sa wa suna Señors a Oakland a 1960 kafin a canza cikin 'yan kwanaki, ta zaga Los Angeles ta dawo, yanzu tana Las Vegas tun 2020.

Kanawan_Houston:
Barista ya faɗi doka, amma doka ba ta hana ciwo. Bud Adams, attajirin man fetur, ya kafa Houston Oilers a 1960, kuma babu sunan da ya fi dacewa da wannan birni. Ya ɗauke ta zuwa Tennessee a 1997, ta yi kaka biyu tana amsa sunan masu haƙar mai a jihar da ba a san ta da rijiyoyin mai ba, kafin a 1999 a mayar da ita Titans, daga tatsuniyoyin Girkawa, tunda ana yi wa Nashville kirari da Atina ta kudancin Amurka, har da kwafin haikalin Parthenon a cikinta. Duk da haka bai saki tsohon sunan ba. Da Houston ta samu sabuwar ƙungiya a 2002, Texans ta zama, sunan da bai ce komai ba sai cewa mutanen Texas ne.

Ɗan_Zinder:
Ina karantawa daga Damagaram, kuma ina ƙaruwa. Amma har yanzu ba wanda ya taɓo ƙungiyar Washington, alhali ita ce aka fi jin rigimar sunanta a labarai.

Bakatsinen_Detroit:
Ita ce Braves ta Boston da na ambata a sama. A 1933 Marshall ya koma filin Fenway Park, ya canza sunan zuwa Redskins, kalmar da ke nuni da launin fatar 'yan asalin ƙasar waɗanda Turawa suka tarar, ya kai ƙungiyar Washington a 1937. Ƙungiyoyin 'yan asalin sun shafe shekaru da dama suna cewa kalmar cin mutunci ce, suna zanga-zanga, suna shigar da ƙara, ba a saurare su ba. Shi Marshall ɗin ne kuma ya zama na ƙarshe a gasar wajen ɗaukar baƙaƙen fata, sai a 1962 bayan gwamnatin tarayya ta matsa masa. An ajiye sunan a watan Yuli 2020, bayan zanga-zangar da ta biyo kisan George Floyd, lokacin da manyan masu tallafi irin su kamfanin jigilar saƙonni na FedEx suka nemi a canza. Ƙungiyar ta yi kaka biyu ba ta da laƙabi, sai a Fabrairu 2022 ta zama Commanders, don nuni da matsayin birnin na cibiyar rundunonin soja.

Ɗan_Fagge82:
A nan ma, Malam, ka ga kuɗi ne ya yi magana. Koke-koken masu haƙƙi na shekaru bai canza sunan ba, wasiƙar masu talla ta canza shi cikin makonni. Na yarda Packers da Steelers da Ravens suna da tushe a garuruwansu, amma yanke hukunci na ƙarshe yana hannun mai dukiya.

Ummu_Sadiq:
Gaskiya ne kuɗi ya rufe maganar, sai dai masu tallan ba su motsa ba sai da jama'a suka motsa, kuma waɗancan koke-koke ne suka share fagen. Batun Kansas City Chiefs ya fi wannan sarƙaƙiya. Lamar Hunt ya kafa ta a matsayin Dallas Texans a 1960, ya mayar da ita Kansas City a 1963, aka sa mata suna saboda magajin garin da ya jawo ta, H. Roe Bartle, wanda ake yi wa laƙabi da Chief. Masu kare sunan suna cewa na mutum ne, ba na ƙabila ba. Masu suka kuma suna amsawa cewa Bartle Bature ne da ya samo laƙabin daga wata ƙungiyar 'yan sikawut da ya kafa bisa kwaikwayon al'adun 'yan asalin ƙasar, ga kuma kan kibiya a tambari da sunan filin wasan. A 2020 ƙungiyar ta hana 'yan kallo shiga da hular gashin tsuntsu da fentin fuska irin na al'adun, amma ta riƙe sunanta. A wannan ƙungiya ce ɗan Najeriya Christian Okoye, haifaffen Inugu, ya yi wasa daga 1987 zuwa 1992.

Sani_Kididdiga:
Wasu kuwa bayaninsu a fili yake. San Francisco 49ers tana tuna masu tururuwar neman zinariya da suka cika Kalifoniya a 1849, Minnesota Vikings tana nuni da yawan jikokin mutanen Norwe da Suwidin a jihar, Patriots kuma tana tuna 'yan gwagwarmayar neman 'yanci daga Ingila a yankin Boston. New Orleans ta samu izinin kafa ƙungiya ranar 1 ga Nuwamba 1966, ranar da mabiya ɗariƙar Katolika ke bikin tunawa da waliyyai, ga kuma sananniyar waƙar birnin da ke ambaton su, sai ta zama Saints.

Malam_Na_Wisconsin:
Kada a manta da wadda ta fi kowa tsufa. Cardinals ta samo asali ne daga wata ƙungiyar unguwa a Chicago tun 1898. Labarin da ƙungiyar take bayarwa shi ne Chris O'Brien ya sayo wa yaransa gwanjon riguna daga jami'ar Chicago, waɗanda launinsu ya koɗe, da aka yi masa maganar koɗewar sai ya ce ai jan kadinal ne. Ke nan launi ne ya riga tsuntsun zuwa, daga baya aka ɗora jan tsuntsun da ake kira kadinal a tambari. Ta koma St. Louis a 1960, ta koma Arizona a 1988, duk da sunan rigunan gwanjon.

Kanawan_Houston:
Dallas ma sai da ta yi laluben suna a 1960. An fara da Steers, sai aka lura cewa wannan dandaƙaƙƙen sa ne, aka koma Rangers, aka tarar akwai ƙungiyar besbol mai wannan suna a yankin, sannan aka tsaya a kan Cowboys, kaboyin da muka sani. A New York kuma Harry Wismer ya kira tasa Titans domin ya nuna ta fi Giants girma, ta faɗa cikin bashi, sababbin masu ita suka mayar da ita Jets a 1963, ganin filin Shea da za ta koma yana daf da tashar jiragen sama ta LaGuardia.

Hajiya_Baltimore:
Barista, ina so in dawo kan maganarka ta Rams. Na yarda akwai sunayen da ba su da gari, kuma irin waɗannan babu laifi su bi mai su duk inda ya nufa. Amma Colts da Oilers daga ƙasar da aka haife su aka ciro su, kuma waɗanda suka cika filayen shekara da shekaru, suka biya harajin da aka gina su da shi, suna da haƙƙin da rajista ba ta rubuta ba. A 2023 Tennessee ta fito wasa da tsofaffin rigunan Oilers masu hoton hasumiyar haƙar mai, har a karawarta da Houston. Malam Kanawan Houston, ina son jin yadda mutanen birninku suka karɓi wannan abu, domin da a ce Indianapolis ta zo nan da rubutun Baltimore a ƙirji, ban san yadda dattawanmu za su jure kallon wasan ba.